Likita, Na Gadar wa 'Ya'yana Ciwon Daskarewar Jini?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Shekaruna 34, ina da 'ya'ya biyu, mace mai shekara 13 da namiji mai shekara 9. Bayan haihuwar namijin na yi ɓari uku a jere, duk cikin bai kai wata uku ba. Na huɗun kuma ya rasu a ciki yana wata bakwai. Kwana goma bayan an fitar da shi sai ƙafata ta hagu ta kumbura, aka yi hoto aka ce gudan jini ne ya toshe jijiya. An ɗebi jinina sau biyu, wata uku tsakani, aka ce ina da ciwon da ake kira APS, aka ɗora ni a kan maganin hana daskarewar jini, wafarin. Abin da ke hana ni barci shi ne, mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki tana da shekara 41, kuma ba ta da hawan jini. Ƙanwarta kuma tana fama da lufus, ciwon da garkuwar jiki ke afka wa jikin mutum kansa. Shin daga wurinsu na gada? Na gadar wa yarana ke nan? Ƙanwata za ta yi aure nan da wata huɗu, in sa a gwada ta kamar yadda ake gwajin sikila? Don Allah ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.
Daga 'yar uwarki, Maman yara biyu.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya jiƙan abin da kika rasa, ya raya miki waɗanda suke gabanki. Gaskiyar da kika nema ba ta kai ɗacin da kike zato ba. Ba a gadon APS irin gadon sikila. Abin da ake iya gada shi ne jiki mai saukin kamuwa da cututtukan garkuwar jiki irin wannan, kuma mafi yawan waɗanda suka gaji irin wannan jiki suna ƙare rayuwarsu ciwon bai taɓa su ba.

Bari in fara da ciwon kansa, don na lura sau da yawa ana bai wa mutum haruffa uku da takardar magani a sallame shi. APS taƙaitawa ce ta antifosfolifid. Garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai, antibodi, don su kama ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo sai ta yi kuskure ta ƙera waɗanda ke kama wani furotin na jikin mutum kansa, wanda ke yawo a jini yana manne wa fatar ƙwayoyin halitta. Idan suka kama shi sai su harzuƙa bangon jijiya da ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, jini ya riƙa curewa a inda babu rauni. In a jijiyar ƙafa ne, kumburin da kika gani. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe. In a jijiyar ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. In kuma a mabiyiya ne, jariri ya rasa abinci da iska. Wani likita a Landan, Graham Hughes, shi ya haɗa waɗannan alamu wuri guda a 1983, shi ya sa wasu ke kiran ciwon da sunansa.

To, kwatanta wannan da sikila. A sikila canji ɗaya ne a ƙwayar gado ɗaya, an san inda yake, ana ganin sa a gwaji tun ranar haihuwa, kuma ba ya sauyawa har mutuwa. In uwa AS ce uba AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Lissafi ne da za a iya yi a kan takarda. APS ba shi da irin wannan lissafi, domin ba a haifi kowa da shi ba. Ke kanki an haife ki babu waɗannan antibodi, kin haifi 'ya'ya biyu lafiya, daga baya garkuwar jikinki ta fara ƙera su. Har yau ba a gano wata ƙwayar gado guda da za a nuna a ce ita ce ta APS ba. Abin da aka gano shi ne wasu nau'o'in ƙwayoyin gado masu tsara garkuwar jiki, musamman rukunin da ake kira HLA, irin su DR4 da DR7, sun fi yawa a cikin masu ciwon. Amma mutane masu ɗimbin yawa suna ɗauke da waɗannan nau'o'i kuma lafiyarsu ƙalau. Kowanne ɗan turi yake yi, sai sun taru da yawa, sannan wani abu daga waje ya zo ya ƙarasa.

Ga abin da nake yawan kafa hujja da shi. Tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka fito daga ƙwai guda, ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. Da gado kaɗai ke haifar da cututtukan garkuwar jiki, da duk lokacin da Hassana ta kamu da lufus sai Usaina ta kamu. Amma a mafi yawan irin waɗannan tagwaye ɗayar ba ta kamuwa. In wadda ke da duk ƙwayoyin gadon mai ciwo tana tsira, ina ga 'yarki da rabi kawai ta ɗauka daga wurinki?

Sai dai ba zan ce miki labarin gidanku ba komai ba ne. Da kin zo gabana, abin da zan fara yi kafin in duba kowane sakamako shi ne in juya bayan katinki in zana danginku: da'ira ga mace, murabba'i ga namiji, layi daga iyaye zuwa 'ya'ya. In cike da'irarki da biro. In sa alama a ta innarku mai lufus. A ta mahaifiyarku in rubuta 41 da alamar tambaya. Duk likitan jini da ya ga wannan zane zai ɗan dakata. Mace mai shekara 41, babu hawan jini, ta samu shanyewar ɓarin jiki, 'yar uwarta na da lufus, 'yarta na da APS. Akwai yiwuwar ita ma shi ne ya taɓa ta ba a gane ba. Ba ki faɗa mini ko tana raye ba. In tana raye, ita ce ta fi kowa cancantar gwaji a gidanku, gaba da ƙanwarki da yaranki, domin sakamakon zai iya canza maganin da take sha. Innarku ma haka. Kusan mutum 3 zuwa 4 cikin kowane 10 masu lufus suna da waɗannan antibodi, shi ya sa gwajin yake cikin abin da ake yi wa duk mai lufus. Ta tambayi likitanta ko an taɓa yi mata.

Yanzu ƙanwarki. In ba ta taɓa samun gudan jini ba, ba ta da alamun lufus irin ciwon gaɓoɓi da ƙurajen fuska masu tashi in an shiga rana da zubewar gashi, to ra'ayina kada a gwada ta don kawai za ta yi aure. Na san wannan zai yi miki banbaraƙwai, don hankali na cewa sani ya fi rashin sani. Ki saurari dalilina.

Gwajin nan uku ne: lufus antikowagulan, antikadiyolifin, da anti-beta 2. In aka tara mutum 100 masu ƙoshin lafiya aka gwada su, za a samu 1 zuwa 5 da ɗaya daga cikinsu ya nuna, kuma galibinsu ba za su taɓa ganin gudan jini ba. Zazzaɓin cizon sauro yana iya tayar da su na ɗan lokaci. Haka tarin fuka, kuturta, ciwon hanta, ƙanjamau, tunjere, har da wasu magunguna. Shi ya sa aka ɗebi jininki sau biyu. Ƙa'idar da masana suka gyara bayan taronsu na Sidni, aka wallafa a 2006, ta ce sai gwajin ya nuna sau biyu da tazarar aƙalla mako 12, kuma sai akwai abin da ya faru a jiki: gudan jini, ko ɓari uku a jere kafin mako 10, ko mutuwar ɗan tayi daga mako 10 zuwa sama, ko haihuwa kafin mako 34 saboda matsanancin hawan jinin masu ciki ko gazawar mabiyiya. Ke kin cika waɗannan har da ƙari. Ƙanwarki ba ta da ko ɗaya. In gwajinta ya nuna kaɗan, ba za a kira ta mai APS ba, ba za a ba ta wafarin ba, sai dai a bar ta da takardar da za ta hana ta barci, wataƙila ma ta kai hannun dangin miji da ba su san yadda ake karanta ta ba. In kuma bai nuna ba, bai ba ta tabbacin komai ba, tunda antibodin na iya fitowa bayan shekara biyar. Kin ga gwajin da in ya ce e bai ce komai ba, in ya ce a'a ma bai ce komai ba.

Kuma jinin wanda za ta aura ba shi da ruwa da wannan magana. Babu wani haɗin jinin miji da mata da ke haifar da APS. Kada wani ya kawo zancen "jininsu bai haɗu ba".

Abin da ƙanwarki take buƙata daga wurinki shi ne labari, cikakke. Ta san cewa yayarta ta samu gudan jini tana da shekara talatin da 'yan kai, kuma ta riƙa faɗin haka a duk inda aka tambaye ta tarihin gida. Wannan jimla ɗaya tana da nauyi a wurin likita ko da babu APS a ciki. Masu bincike suna cewa ciwon na buƙatar bugu biyu. Antibodin kamar busasshiyar ciyawa ce a fili, tana iya shekara da shekaru ba ta kama ba sai an yar da ashana. Ashanar ita ce ciki da makonni shida na bayan haihuwa, tiyata, karaya da doguwar kwanciya, tafiya mai nisa ba motsa ƙafa, shan taba, ƙiba, hawan jini, da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istrojin. Ta ƙarshen nan ita ta fi damuna game da amarya, domin ana sayen ta ba tare da an ga likita ba, ƙawa ta ba ƙawa shawara shi ke nan. Kada ta fara ta sai ta faɗi tarihin gidanku ga wanda zai rubuta. Akwai hanyoyin da babu istrojin a cikinsu, kamar robar mahaifa. A nan ne, ko lokacin da ta samu ciki, likitanta zai iya ganin dacewar gwajin, kuma a lokacin akwai shawarar da sakamakon zai canza. Ta fara awo da wuri. In ta yi ɓari fiye da ɗaya, ko ciki ya lalace bayan ya wuce mako 10, kada ta jira na uku, ta ce a gwada ta. In kuwa ta yi ɓari guda a farkon ciki kada ku ɗaga hankali, abu ne da ke samun mata da yawa, kuma kusan rabin irin wannan ɓari daga kuskuren haɗuwar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne.

Wani abu da zan ɗan ratse in faɗa, don na ga yadda yake girgiza aure. Gwajin tunjere da ake yi a wurin awo, wanda ake kira VDRL, da sinadarin kadiyolifin ake yin sa. Mace mai waɗannan antibodi sai gwajin ya nuna tana da tunjere alhali ba ta da shi. In haka ta faru da ke ko da wata a gidanku, a nemi gwaji na biyu mai neman ƙwayar cutar kanta kafin kowa ya buɗe baki.

Yaranki kuma ki bar su su yi wasansu. APS a yara abu ne da ba a cika gani ba, kuma yara sun fi kowa nuna antibodi na wucin gadi saboda yawan zazzaɓi da mura. Ita macen, in ta girma ki zaunar da ita ki gaya mata abin da na ce a gaya wa ƙanwarki. Namijin ma ya sani, don ciwon ya fi yawa a mata amma bai bar maza ba. Alamun da kowa a gidan ya kamata ya haddace su ne ƙafa ɗaya ta kumbura da zafi, musamman sha-raɓa, numfashi ya ɗauke ba zato da ciwon ƙirji, baki ya karkace ko hannu ya mutu ko magana ta sarƙe. Waɗannan na asibiti ne a wannan sa'ar. Kuma kumburarriyar ƙafa ba a matsa ta, ba a murza ta.

Tambaya:

Likita, barka da aiki. Mahaifinmu ya yi fama da gudan jini a ƙafa, yayana ma ya samu yana da shekara 29 bayan ya yi karaya. An yi masa gwajin APS bai nuna ba. Mun tsira ke nan?
Daga wani ɗalibi.

Amsa:

Ɗan uwa, daga APS wataƙila, amma labarinku ya fi kama da wani rukunin daban, kuma shi wannan gadonsa ake yi kai tsaye. Jiki yana da nasa sinadaran hana jini wuce gona da iri wajen daskarewa: antitirombin, furotin C da furotin S. Akan haifi mutum da ƙarancin ɗaya daga cikinsu. An fara bayyana ƙarancin antitirombin a wani gida a Norwe a 1965. Akwai kuma canjin da aka gano a 1994 a birnin Laidin na ƙasar Holan, ake kiran sa Fakta 5 Laidin. Kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa farar fata suna ɗauke da shi, amma da wuya a same shi a baƙar fata ko mutanen gabashin Asiya, don haka ba kowa ne zai fara da neman sa ba. A wannan rukuni, in uba yana ɗauke da canjin, kowane ɗa yana da rabi da rabi na ɗauka. Ko a nan ɗauka ba ta nufin dole a samu gudan jini, da yawa ba sa samu.

Da yayanka za a fara, ba da kai ba. In an samu wani abu a jininsa sai a nemi shi wannan abin a naka. Kuma lokacin gwajin yana da muhimmanci. Wafarin yana rage furotin C da S, hefarin, allurar hana daskarewar jini, yana rage antitirombin, sabon gudan jini ma yana rikita sakamakon. Shi kansa gwajin lufus antikowagulan magungunan nan suna dagula shi, saboda haka ku tambaya a wane hali aka yi masa na APS ɗin. Kada ya dakatar da magani da kansa don a yi gwaji, likitansa ne zai tsara. A gidaje da yawa masu irin tarihinku ana gama duk gwaje-gwajen ba a samu komai ba, kuma hakan bai goge tarihin ba. Duk ranar da za a yi maka tiyata ko a sa maka filasta, ka faɗa musu uba da wa sun samu gudan jini.

Tambaya:

Likita, ina da APS ina shan wafarin, kuma ina son in sake haihuwa. An ce jinina zai shiga jikin jaririn ya ba shi ciwon. Gaskiya ne?
Daga wata mai bibiyar shafinki.

Amsa:

'Yar uwa, akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma an ƙara gishiri. Wani nau'in antibodi na uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin jariri, haka Allah ya tsara don jariri ya samu kariya a watannin farko, kuma na APS na iya bin wannan hanya. Sai dai aro ne, jikin jaririn ba shi ya ƙera su ba, suna ɓacewa cikin watanni. Gudan jini a jariri saboda su abu ne da ba kasafai ake gani ba. Haɗarin da ya fi kusa da jaririn yana wurin mabiyiya: ƙarancin girma, haihuwa kafin lokaci, hawan jini a wurinki.

Abin da ya fi gaggawa a wasiƙarki shi ne wafarin. Yana ratsa mabiyiya, yana iya lalata ƙashin hanci da sauran ƙasusuwan ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12. Ki ga likitanki tun kafin ki nemi cikin, ku tsara. Da zarar al'ada ta makara ki yi gwajin ciki a ranar, in ya nuna a mayar da ke kan allurar hefarin tare da ƙaramin asfirin, mai miligiram 75 zuwa 100. Allurar ƙarama ce, ke za ki riƙa yi wa kanki kullum. Ki tsunkule fatar ciki daga gefe, nesa da cibiya, ki soka a miƙe, ki tura a hankali, ki cire ba tare da kin murza wurin ba, gobe ki koma ɗaya gefen. Za ki ga tabo shuɗi-shuɗi nan da can, ba komai ba ne. Hefarin ba ya isa wurin jariri. Da wannan haɗi, fiye da mata 7 cikin 10 masu APS suna haihuwar ɗa mai rai. Bayan haihuwa ba a tsayar da maganin, don makonni shidan nan su ne mafi haɗari, kuma ke da kike kan wafarin tun farko za a mayar da ke kansa. Shi da hefarin duka ana shayarwa da su.

In wani ya ce ki koma sababbin ƙwayoyin nan da ba sa buƙatar gwajin INR na auna saurin daskarewar jini, irin su ribaroksaban, ki tambaya tukuna gwajinki nawa ne suka nuna cikin ukun. An yi wani bincike a Italiya a kan masu APS da duka ukun suka nuna, aka dakatar da shi kafin lokaci domin waɗanda ke shan ribaroksaban sun fi masu wafarin samun toshewar jijiya, aka wallafa sakamakon a 2018. Ga mai ciki ko mai shayarwa kuwa ba a ba da su sam. Kafin cikin ya samu ki ci gaba da wafarin ɗinki, INR tsakanin 2 da 3 sai in likitanki ya sa miki wani mizani, kuma kada ki haɗa shi da Flagyl, Septrin, ibufurofen ko daikulofenak ba tare da wanda ya rubuta miki wafarin ya sani ba.